Dalmar da na ɗaura wa Muzammilu

Bagudo, Talata 14 ga Oktoba, 2025, ƙarfe huɗu da kwata na yamma.

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, kai da iyali, Ya tsare ku a can Fatakwal. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, ruwan kogi ya fara ja baya. Ina rubuto maka ne daga bakin zaure, don na yi ɓarna kuma Baba bai sani ba.

Ka san ƙanena Muzammilu zai je gwajin 'yan ƙwallon raga a Birnin Kebbi. Da yake ilimin motsa jiki na karanta, ni ke horar da shi. Mun shafa masa alli a yatsu, yana tsalle yana taɓa bangon makaranta. In ya miƙe hannu sama bai wurga ba, santimita arba'in da shida yake tashi. In ya kai hannuwa baya ya wurgo su gaba, hamsin da uku. Wurgin ne ke ƙara danna ƙafa ƙasa, ya kuma ja jiki sama. Shi ko ya iya shi tun yana jefa wa Baba birgi, wato ragar kamun kifi, a kogi.

Kawu, kwaɗayi mabuɗin wahala. Na so ya kai sittin, sai na ɗaura masa dalmar birgi, rabin kilo a kowane hannu. Ba a koya mini haka ba, dabarata ce. Jiya da safe, a tsalle na tara, kafaɗarsa ta dama ta goce. Sai a lokacin ya ce ta taɓa goce masa bara, ya mayar da ita da kansa. Ni kuwa ban tambaya ba. Yanzu yatsunsa biyu ba ya jin su.

Ya ce wa Baba daga babur ya faɗo, don ya rufa mini asiri. Baba ya ce jibi zai kai shi wurin maɗori a ƙetaren iyaka. Na roƙa a fara ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ya ce takarda ba ta ɗori. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi kafin Alhamis, ka faɗa masa komai, har da dalmar.

Ban san ko ƙashi ya tsage ba. Ban san ko jijiya ta taɓu ba, ko abin da jan maɗori zai yi mata. Ban san wa zai riƙa jefa wa Baba birgi ba. Ban kuma san da wane ido zai dube ni ba.

A gaishe da Gwaggo Saratu, da Safina, da Yero.

Ɗanka,
Mutawakkil