Sai Ya Shafa a Fuskarsa Tukuna

Daren Laraba, watan Rajab

Yau wani Nasara na kamfanin Faransa ya kawo mini man shafawa, wai in sayar wa matan Agadas. Ya shimfiɗa takardar duwan, wato ta kwastan, a kan tabarmata, hatimi har uku.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a rumfar nan duk wanda ya kawo sabon mai sai ya shafa a fuskarsa, ya wuni cikin rana, mu gani." Haka mahaifiyata ta yi wa fataken Kano, haka nake yi.

Ya ƙi. Ya ce gobe kumandan mai mulkin garin nan zai sa a rufe rumfata.

To, a rufe. Tsoro kam ina ji. Amma in fuskar wata ta saɓule, gidana za ta zo, ba gidan kumandan ba.