Sun Raba Babur Ɗinka Gida Biyu, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba bakanike, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya kai haske makwancinka, 'yarka Hadiza ce daga Gusau. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Ina rubutawa ne a bainar jama'a domin abin da ke cina ya ƙi kwanciya, kuma waɗanda suka aikata shi suna da ido, za su karanta.

Maganar jan babur ɗinka ce, Baba.

Ka tuna yadda ya zo garejinka? A bayan mota aka sauke shi cikin tarkacen da aka kwaso daga Kwatano, gabansa a lanƙwashe, tankinsa a lotse. Abokan aikinka suka ce ƙarfen gwangwan ne. Kai kuwa ka zagaya shi sau biyu, ka ce ƙirar Amurka ce, sabon babur ne da aka ɗinka wa rigar kakanninsa. Shekara uku kana tayar da shi, ƙusa bayan ƙusa.

Da ka gama, ko wanda bai san babur ba sai ya tsaya. Doguwar halitta ce mai ƙasa-ƙasa, sirdinsa faffaɗa na fata, mutum ya zauna ƙafafunsa biyu a ƙasa daram. Hannuwansa a buɗe kamar ƙahon bijimi. Madigadi ya lulluɓe rabin taya gaba da baya, agogon gudu a kan tanki yake zaune, kuma babu sarƙa, bel ne ke jan tayar baya. Fentin ja mai duhu ne irin na zoɓo, da siririn layi ruwan madara wanda ka ja da hannunka. Ko sitika guda ba ka yarda an manna masa ba.

Amma injin ne abin alfaharinka. Tukwane biyu manya, sun haɗa gindi sun buɗe kai, kowace da haƙarƙarin ƙarfe jere a jikinta. In ka tayar da shi ba ya tsiwa irin ta baburan haya. Dum-dum, dum-dum yake yi, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Daga bakin layi Inna take ji, ta ce a kai maka ruwan alwala.

Sau nawa ka nuna mini haƙarƙarin nan kana cewa, “Wanga inji babu ruwa cikinai, iskar hanya ita ka sanyaya shi. In an ɗaure shi wuri guda, mutuwa za shi yi.” Shi ya sa kowace Juma'a bayan la'asar kake kai shi Bungudu ka dawo, ko ba ka da saƙon kowa.

Da ciwo ya kwantar da kai, ni ce a gefenka. Ba ka ba ni wasiyyar gida ko gona ba. Makullin ka sa mini a hannu, ka ce, “Ɗiyata, kar ki bari a raba shi da injinai.” Na ce to.

Baba, na bari.

Ranar rabon gado komai ya tafi lafiya har malamai suka tashi. Babur kaɗai ya rage, aka ce a sasanta a cikin gida. Yaya Sanusi, babban ɗanka mai noman rani a Nahuce, ya ce nasa ne. Nasiru, autanka mai shagon ɗaukar hoto a Tsafe, ya ce sai dai a mutu. Da musu ya yi tsawo, ƙaninka Kawu Haladu ya ɗaga hannu ya yanke: mai gona ya ɗauki inji, mai hoto ya ɗauki gangar jiki. Aka yi ta yaba hikimarsa, kai ka ce rago aka raba. Ina bayan labule da makulli a hannuna. Kunyar Kawu ta hana ni buɗe baki. Wannan kunyar, har yau in na tuna ta sai in ji ƙyamar kaina.

Yaya Sanusi ya kai injin wurin mai walda, aka yi masa gindin ƙarfe, aka haɗa shi da famfon ban ruwa, aka girke shi a fadama cikin tsakiyar zafin bazara. Ya yi ta cika baki cewa injin Amurka ne ke shayar da albasarsa. Kwana biyu yana ruri a wuri guda, babu iskar da ke taɓa shi. A rana ta uku ya fara hayaƙi, sai ɗanka, wanda ya girma a ƙofar garejinka, ya ɗebi ruwan rafi a bokiti ya sheƙa masa. Tukunya ɗaya ta tsage nan take, injin ya buga. Da na je Nahuce na same shi a gindin mangwaro, an ɗaure akuya a jikinsa saboda nauyinsa. Kashin kaji ya cika haƙarƙarin da kake gogewa da tsohon rawaninka.

Na ɗauka na gama ganin abin takaici, sai da na je Tsafe.

Nasiru ya fesa wa gangar babur ɗin fenti ruwan gwal, har kan layin da ka ja. Ya nannaɗe hannuwan da ƙananan fitilu masu ƙyafta ido, ya liƙa furen roba a tanki, ya rufe fatar sirdin da wani kyalle mai gashi ruwan hoda. Inda injin yake, ramin nan, ya toshe da kwali mai zanen inji. Samari na layi suna hawa da baƙin tabarau, suna murɗa hannun da ba ya haɗe da komai.

Ina tsaye sai na ji dum-dum, dum-dum. Na matsa kusa na leƙa. Ashe ƙaramar sifika Nasiru ya ɓoye a bayan kwalin, don masu ɗaukar bidiyo su samu ƙara. Kuma na san inda ya samo ta. Ɗan bidiyon nan ne da na ɗauke ka da wayata wata Juma'a, wanda na tura masa bayan rasuwarka don ya riƙa tunawa da kai. Bai ko yanke ƙarshensa ba. Cikin ƙarar injin sai ga muryarka: “Ke Hadiza, ja baya, salansan ga da zahi!” Samarin sun haddace ta. Suna jiran wurin, su faɗa tare da kai, su kwashe da dariya.

A ranar na yi maganar da ya kamata in yi a bayan labule. Na yage kwalin, na fizge sifikar, na faɗa wa Nasiru abin da har yanzu bai gaishe ni ba saboda shi. Washegari na koma Nahuce da mota, na kwance akuyar, na ɗauko injin. Yaya Sanusi bai ko ɗaga kai ba. Tsohon abokin aikinka Malam Isa ya buɗe injin, ya duba, ya mayar da murfin a hankali, ya ce in yi haƙuri.

Yanzu injin yana ɗakina a kan tabarma. Na wanke shi, na goge haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, na rataya makullin a jikinsa. Ba zai ƙara tashi ba, kuma ni ce aka ba amanarsa. Ka yafe mini, Babana. Wani lokaci nakan zauna kusa da shi in kunna bidiyon, in ji shi yana numfashi, in ji ka kira sunana. Har yau da ka ce in ja baya, sai in ga na janye ƙafata.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya sanyaya shi. Allah ya shirye mu da ka bari, ni ce ta farko. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza.