Ni Na Ce Su Bi Yashi

Ƙanena Iro,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Hansatu da yara? Mu a nan garin Sentul lafiya lau, sai dai rabona da irin wannan fargaba tun shekarar da ruwa ya cinye gadar garinmu.

Ɗanka Muttaka da abokansa sun tafi da jif kwana a wani tsauni da ya kutsa cikin teku. Kwana uku wayarsa shiru. Ni na nace su bi jiƙaƙƙen yashin gaɓa, yadda nake bi da tifa a kogi da rani. Ashe teku kullum cikowa take. Matarsa ke rubuta mini wannan, yanzu take jin cewa shawarata ce.

Kada uwarsa ta sani. Masu aikin nemansu sun ce ni tsoho in zauna gida. Gobe da sassafe ina gaban motarsu.

Yayanka,
Ɗanjuma