Surukina Ya Yi Rajistar Dabarata Da Sunansa, Ni Kuma Na Je Wurin Masu Ƙararsa

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk masu karatu. Ina gaishe ku daga Makka, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙasa tukuna. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban gama ba, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Na haura hamsin, na gaji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana a unguwarmu, don abin da ka faɗa a unguwar Mansur da safe kafin azahar ya isa unguwar Tandabawi.

Na zo aikin Hajji ina saurayi ban koma ba. Har yau ba ni da iƙama, wato takardar zama. Na yi dako, na tura keken tsofaffi, daga baya na samu kujera a bayan shagon wani mai kayan miya ina tura wa mutanenmu kuɗi gida. Ka ba ni riyal a nan, abokin hulɗata a Kano ya sa naira a asusun da ka ce. Na san hukuma ba ta yarda da shi ba, ba sai an tuna mini ba. Yawancin masu zuwa wurina mata ne, masu tuwo da masu masa da masu aikatau a gidajen Larabawa, ba sa karatu, lambar asusun ma a guntun kwali suke kawo ta a ƙulle a bakin mayafi.

Wata rana wata dattijuwa mai masa, muna ce mata Hajiya Babba, ta kawo abin da ta tara don a yi wa ɗanta na fari rufin ɗaki. Na ce mata ya sunansa? Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Kai dai tura wa yaron nan." Na ce Hajiya, banki bai san yaron nan ba. Ta ce, "To so kake in kama sunan ɗan fari a tsakiyar kasuwa? Kai ba a yi maka tarbiyya ba ne?" Sai na kira Kano aka karanto mini sunan da ya fito a kan lambar, na maimaita mata, ta sunkuyar da kai ta ce to. Ashe ko saurara ba ta yi ba, kunya ta toshe mata kunne. An kuskure lamba ɗaya a kwalin, kuɗin ya tafi wurin wani bawan Allah da har yau ba mu san shi ba, damina ta sauka a kan yaron da matarsa. Matar nan ba ta zage ni ba. Daina gaishe ni ta yi, sai da aka daɗe.

Daga nan na sauya aiki. In an karanto mini suna daga Kano ba na faɗar shi shi kaɗai. Sai in haɗa shi da na ƙarya guda biyu, in jero su a hankali, in ce kar ki faɗi komai, in na zo kan naki ki ƙwanƙwasa teburin nan. Sannan a kira mai asusun ya yi magana ta ji muryarsa da kunnenta, kafin a saki ko sisi. Ita ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari ba, ni kuma na tabbatar. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Tun daga lokacin kuɗin kowa bai sake ɓata a hannuna ba, har mata suka laƙaba mini Mai Suna Uku.

Yanzu ga surukin nawa, zan kira shi Faisal, ba sunansa ba ne. Kakansa Bahaushe ne da ya zo tun zamanin tafiyar ƙafa, shi ɗan ƙasa ne cikakke, Hausarsa rabi Larabci, ya yi karatun kwamfuta. Ya ga 'yata, zan ce mata Ummi, wadda aka haifa a nan ba takarda kamar ubanta, ya ce yana so, na ba shi. An ɗaura a gida gaban malam da shaidu, amma a wurin hukuma auren bai shiga ba tukuna sai an samu izini, kuma shi kaɗai ne zai iya neman izinin. Suna da yarinya ƙarama, ita ma takardarta wannan izinin take jira. Ku riƙe wannan a ranku kafin ku yanke mini hukunci.

Faisal ya riƙa zuwa yana zama kusa da ni yana shan shayi yana kallon yadda nake yi. Ammi yake ce mini, wato baffa da Larabci. Rannan ya ce, "Ya Ammi, wannan abu naka in aka sa shi a jawwal, wayar hannu, wallahi duniya za ta saya." Na yi dariya na ce wace duniyar ce za ta sayi kunyar tsofaffi? Ya ce ba Hausawa kaɗai ba, duk wanda ba ya karatu yana buƙata. Ya dinga tambaya ina ba shi amsa kamar ɗan cikina. Me ya sa uku ba biyu ba? Na ce biyu ana iya dacewa a kan kuskure, huɗu kuma tsohuwa za ta rikice. Wane irin sunan ƙarya ake sawa? Na ce kar ka haɗa Sani da Sanusi, kar kuma ka sa wa 'yar Damagaram sunan da ba a sa wa yara a garinsu, za ta ƙwanƙwasa ba tare da ta saurara ba. Na kawo masa mata suka gwada masa abin ba su karɓi ko kwalbar ruwa ba, don ni. Shi da bakinsa ya ce za a yi wa abin bara'a, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiri abu, ta yadda ba mai kwaikwaya sai da izininsa. Ya ce, "Sunanka a sama, nawa a ƙasa, wallahil azim." Ban ce ya rantse ba. Wa ya matsa masa?

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Manhajar da ya haɗa a waya tana ɗauko suna daga banki da kanta, ta jero uku da murya, ka danna naka, ta kira mai karɓa ka ji shi. Ni ko shekara ɗari zan yi ba zan iya haɗa wannan ba. Da suka kai ofishin rajista aka dawo musu da ita, aka ce wannan ba ƙirƙira ba ce, hanyar ciniki ce kawai wadda mutum zai iya yi da baki da kunne, sa ta a waya bai mai da ita sabuwa ba. Ya zo mini idonsa ja. Ni na rarrashe shi, ni na je na yi ɗawafi a kan wannan magana ina roƙon Allah ya buɗa mana. Mana fa na ce. Lauyansa ya sake rubutun, ya ja zancen wajen yadda na'urar ke zaɓen sunaye da yadda take tantance murya, aka sake kaiwa, a wannan karon aka ba su.

Aka yi walima, aka yanka rago. Na sa farar rigata ta Juma'a. Aka kawo takardar a cikin gilashi ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ta iso kaina. Larabci dai ina iya haɗa baƙi, Allah ya saka wa malamin allo. Na ga sunan Faisal. Na ga sunan wani abokinsa Balarabe da ya zuba kuɗi, mutumin da ko sannu bai iya da Hausa ba. Na juya gilashin har baya ko nawa yana can. Faisal ya miƙe ya yi jawabi ya ce tunanin ya zo masa ne yana jami'a, da ya ga yadda talakawa ke asara. Da ya zo kaina ya nuna ni ya ce baban matarsa ne, a tafa. Aka tafa mini. Na ture farantin shinkafar gefe.

Bayan kwana biyu na tare shi. Ya ce, "Ma'alish ya Ammi, ba ka da iƙama, in aka sa sunanka kai za a fara kamawa. Don kare ka na yi." Na ce to me ya hana ka gaya mini kafin a tara jama'a? Ya ce bai so ya ɓata mini rai. Na ce wa ya koya maka suna uku? Sai ya yi wani murmushi ya ce, "Ammi, ko a jarrabawar makaranta zaɓi ake ba yara. Abin da kake yi hira ce, hira ba a ba ta shahada, ba a yi mata takarda." Duk wannan na haɗiye. Abin da ya karya ni shi ne na ƙarshe. Ya rage murya ya ce lauya ya ce in aka gano akwai mai yin wannan da hannu tun da can a bainar jama'a, ana iya soke takardar, saboda haka in wani ya tambaye ni in ce ban taɓa yi ba, kuma ya fi kyau in daina jero sunayen nan a kasuwa. Jama'a ku ji fa. Ya ɗauki abina, ya ce ba komai ba ne, sannan ya ce in daina yi don kar in ɓata masa. Dama matan sun fara komawa manhajar, don ta halal ce a wurin hukuma. Hajiya Babba da kanta ta wuce ta gabana ta ce, "Mai Suna Uku, na ji an sa ka a waya, amma muryar can ta fi taka daɗi." Na yi dariya.

Ga laifina, ba zan yi masa kwalliya ba. Akwai wani kamfani da ke yin irin wannan manhaja, Faisal ya aika musu su daina, su kuma suka shigar da ƙara a soke takardarsa. Suka bi Mansur suna tambaya, kowa ya nuno ni. Lauyansu ya aiko in je ofishinsa a Rusaifa, na ce wa matata asibiti za ni. Ya ba ni gahawa, ya girmama ni. Tambayar farko da na yi masa, shin gaskiya ne marar iƙama ba a sa sunansa a matsayin wanda ya ƙirƙira? Ya ce a saninsa ko a ƙauyenku kake zaune ana iya rubuta sunanka. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko zuga ni yake, amma nan take kaina ya ɗau zafi. Na zauna na zayyane masa komai tun daga rufin ɗakin nan, na yarda ya ɗauki muryata. Da na gama ya ce madalla, abin da suke so in faɗa a gaban kwamitin da ke sauraron ƙarar shi ne wannan tsohon abu ne na kasuwa, ba wata fasaha a ciki, kowa ma zai iya. Na ce ba kowa ba, ni na fito da shi. Ya ce, "Ya Hajji, in kana so ka kayar da shi, haka za ka ce." Kun gani? Surukina ya ce abina ba komai ba ne don ya ci shi kaɗai, waɗannan ma so suke in ce ba komai ba ne don su ci. Ba wanda ya ce a mayar mini da sunana. Sun ce muryar kaɗai ba ta isa ba sai na bayyana da kaina, sun kuma ce za su duba maganar takarduna, amma ni na girme wa irin wannan alkawari. Ranar da na tsaya gaban kwamiti na faɗi sana'ata, ƙila daga nan sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgin Kano, garin da ban san hanyoyinsa ba yanzu.

Wannan ma ba shi ne ke hana ni sukuni ba. Ni a kore ni, na ci zamanina. Ummi fa? In Faisal ya gano ni ne, kalma ɗaya zai furta ta dawo ɗakina da goyo, ba aure a takarda, yarinya ba shaidar haihuwa, ba makaranta, ba asibiti sai a ɓoye, irin rayuwar da na ba uwarta. Zai iya? Da can zan rantse ba zai iya ba. Yanzu ban san wanda na ba 'yata ba. In kuma na yi shiru na janye, muryata tana hannun mutanen can, za su iya kunna ta duk ranar da suka ga dama, kuma zan ci gaba da zama a bayan shagon kayan miya ina kallon mata suna wucewa da abina a tafin hannu, in je suna da biki in ci shinkafar mutumin da ya ce in yi ƙarya a kan kaina.

Juma'ar da ta wuce Ummi ta zo gida da yarinyar. Ta rame. Ta ce Faisal ba ya cin abinci, ya ajiye maganar izinin aurensu sai an gama shari'a, don ya ce kansa ba zai ɗauki biyu ba. Ta ce an gaya masa wani daga cikin Hausawan Mansur ne ya je ya ba masu ƙara labari, ya rantse sai ya gano shi. Ta ɗora mini jikata a cinya, ta kama hannuna ta ce, "Baba, kai bakinka yana da albarka, ka taya mu roƙo, duk munafukin da ya yi mana wannan Allah ya tona asirinsa." Uwarta ta ɗaga hannu daga bakin murhu. Ni ma na ɗaga. Na ce amin, da ƙarfi, har yarinyar ta kwaikwaye ni.

Lauyan can yana ta kira ban ɗauka ba. In je in tsaya a kan gaskiyata in rushe gidan 'yata? In je in durƙusa wa yaron da ya ci amanata in gaya masa ni ne, kafin ya ji a bakin wani? Ko in kira Ummi ita kaɗai in faɗa mata wanda ta yi wa addu'a? Masu ilimin shari'a da masu 'ya'ya mata, don girman Allah ku faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ni yanzu me zan yi?