Na Zargi Yayan Matata Kan Amfilifaya, Yanzu Ni Yake So In Yi Masa Shaida

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, barkanmu da warhaka. Don Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu karatu ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutumin wajen Kibiya ne. Noma nake yi, in an gama girbi kuma ina kaɗa jita a wuraren biki. Ina da wani tsohon amfilifaya da na gada wajen kawuna, Allah Ya jiƙansa, irin na da, mai kwalaben gilashi a ciki waɗanda suke yin ja in ya ɗauki zafi. Muryarsa mai kauri ce da ɗan dishi-dishi, da ita aka san ni. Kwanakin baya muna biki a Durba janareta ya yi gargada, sai na ji amfilifayan yana gurnani, warin ƙuna ya tashi, ya yi tsit. Washegari na ɗaure shi a mashin na kai Rano wajen yayan matata, wanda yake gyaran rediyo da lasifika a bakin kasuwa. A gabana ya buɗe, ya sa mita, ya ce taransistar da ke daidaita wa kwalaben wuta ce ta ƙone, kuma irinta sai an nemo a Kano, in bar shi. Ya ja mini kunne kada in taɓa sa hannu a ciki, wai yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket.

Da na koma ɗauka na tarar da wani mai mota a shagon, ina shiga suka yi shiru. Yaya ya miƙo mini ƙonanniyar taransistar a leda, ya nuna mini inda ya liƙa sabuwa da dalma, ya ƙi karɓar komai. Na zo gida na jona, yana aiki, amma wallahi ba muryar kawuna ba ce. Ta fito tas, siririya, kamar ta kowa. Na kira shi, ya ce tsohuwar ta daɗe da rauni, shi ne dishin da na saba ji, yanzu ne kwalaben suke samun wuta daidai. Da na bar maganar a nan, sai mai gangarmu ya ce mini a Kano akwai masu farautar tsofaffin kwalaben nan. Tun daga nan zuciyata ba ta zauna ba. Me ya sa ya hana ni buɗewa? Me ya sa ya ƙi karɓar ladan aikinsa? Wane ne mai motar? Na kwance murfin baya na leƙa, kwalaben suna ta ƙyalli, ɗaya ma rubutun jikinta ya bambanta da na sauran. To amma na taɓa leƙawa kafin gyaran? Ban taɓa ba. Ban san yadda suke a da ba.

Ga inda na yi ɓarnar. Ran kasuwa a teburin mai shayi na faɗi maganar, kuma ban ce zato nake ba, cewa na yi ya kwashe mini kwalabe ya sa na banza. Na roƙi waɗanda ke wurin kada ta wuce nan. Ta wuce. Sunana ya faɗi a hanya, nasa ya ci gaba da yawo. Masu kula da masallacin unguwarsu suka ɗauke lasifikarsu suka kai wani wuri. Yanzu mutum in ya kawo rediyo sai ya tsaya a kansa har a gama. Matata ta dawo daga gidansu da jajayen idanu, ta ce mahaifiyarsu ko abinci ba ta iya ci, tana tambayata wane marar tsoron Allah ne zai yi wa Yaya haka. Na ce mata mutane sai addu'a. Kun ji irin bakina?

Shekaranjiya da hantsi ya zo har gida. Muka zauna a zaure, ya ce ya tabbata mai gyaran da ke kusa da shagonsa ne ya ƙulla masa wannan, don sun daɗe ba sa shiri, kuma zai kai ƙararsa wajen mai unguwa.

"Ana cewa wani amfilifaya na kwashe," in ji shi, "kuma naka kaɗai na taɓa a bana. Ka zo da shi, ka faɗa musu da bakinka. Kai ne shaidata."

Na ce, "Insha Allahu, Yaya."

Abin kunyar shi ne ko a lokacin ina kallon idonsa ina tunani. Da gaske bai san ni ne ba, ko ya sani tarko yake ɗana mini? Da gaskiyarsa yake neman a buɗe amfilifayan a gaban jama'a, ko don ya san ba wanda zai iya bambance tsohuwar kwalba da sabuwa, har ni mai shi?

In na je na yi shaida, an ɗora wa wancan bawan Allah laifin da ni na yi, kuma na wanke mutumin da har yanzu zuciyata ba ta wanke ba. In na ce ni ne, da wane ido zan kalli matata da mahaifiyarta? In na ƙi zuwa, na tabbatar wa gari cewa ɓarawo ne, alhali ban ga komai da idona ba. Kawuna da ya san abin da ke cikin akwatin nan yana ƙasa. Ranar Asabar za a zauna, kuma Yaya ya ce shi zai zo ya ɗauke ni da kansa.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?