Goron Mai Kemis

Ɗanzomo, daren Lahadi, watan Maris, 1976

Alhamdulillahi! Yau aka raɗa sunan jikana, kuma takwarana. Na ɗauki fensir in rubuta, kamar yadda na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Bara waccan har na cire rai da uwarsa, 'yata Hajara. Ƙwayar tazarar haihuwa da mijinta ya sayo wajen wani mai kemis a kasuwar Maigatari ta kumbura mata ƙafa. Likitan Gumel ya ce jini ne ya daskare a jijiya, saura kaɗan ya kai huhu. Mai kemis ɗin kuwa bai tambayi lafiyarta ba, bai gargaɗi kowa ba.

Sai ga shi yau a wajen suna da ƙullin goro. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe, ƙaddara ce."

Surukina ya raɗa mini a kunne, "Baba, in ka ci goron nan, maganar kai shi gaban alƙali ta mutu."

Na karɓa saboda idon jama'a, amma ban kai baki ba. Nawa na yafe, tunda Allah ya bar mini ita. Sai dai ranar Alhamis, in kasuwa ta ci, zai sake baza ƙwayarsa, 'ya'yan wasu su sha. Gobe zan je wajen alƙali da goron a aljihu.