Man gyaɗa a sarƙar keke

Mikail,

Na tafi shago kana barci, na bar maka keken.

Jiya sarƙar ta sake zamewa, daidai shingen sojoji na Gomari. Ina tsugunawa zan mayar da ita aka daka min tsawa, bakin bindiga na kallona. Allah ne ya tsare.

Mai gyara ya ce ashe man gyaɗar da muke zuba mata tun da aka hana babur shi ke kwasar yashi. Na wanke ta da kananzir. Ka roƙi Ya Gumsu man keken ɗinkinta ka ɗiga.

In ta zame kusa da soja, kar ka tsuguna, turo shi gida. Sarƙa akwai ta a kasuwa, ƙani kuwa kai kaɗai gare ni.

Yayanka Umara